Wasiƙun Sheikh Jasim na Katar: Sarki, Mayaƙi Kuma Falken Lu'ulu'u

A can birnin Doha, fadar mulkin ƙasar Katar, akwai wani katafaren ɗakin karatu na ƙasa da aka buɗe a hukumance cikin watan Afrilun 2018, wanda kuma a ƙarƙashinsa ake gudanar da wani aiki da ya sauya yadda ake nazarin tarihin yankin tekun Fasha. Tun a shekarar 2012 ne gidauniyar Katar da babban ɗakin karatu na Birtaniya suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar hotunan tsofaffin takardun ofishin mulkin Indiya da ke ajiye a London, aka kuma fara baje su a intanet cikin watan Oktoban 2014, kyauta ga duk mai bukata, da Larabci da Ingilishi. A cikin waɗannan fayiloli ne ake cin karo da wasiƙun Sheikh Jasim bin Muhammad Al Thani, mutumin da Katarawa ke ɗauka a matsayin uban ƙasarsu, wanda ya rasu a watan Yulin 1913.

Sheikh Jasim dai ya haɗa abubuwa uku da ba kasafai suke haɗuwa wurin mutum guda ba. Shi ne mai mulki, shi ne jagoran yaƙi, sa'annan kuma yana cikin manyan fataken lu'ulu'u na zamaninsa. A wancan lokaci babu man fetur, babu iskar gas. Abin da jama'a ke ci da shi shi ne nutso a ƙarƙashin teku. Ƙididdigar da jami'in Ingila J. G. Lorimer ya tattara a farkon ƙarni na 20 ta nuna cewa Katar na da jiragen nutso 817, tare da ma'aikata kusan dubu 13, alhali kuwa al'ummar ƙasar baki ɗaya ba su wuce dubu 27 ba. Ke nan duk wanda ya riƙe kasuwar lu'ulu'u ya riƙe ƙasa, kuma wannan shi ya sa yake da wuya a raba wasiƙar ciniki da ta siyasa a cikin takardun Sheikh ɗin.

Misali mafi bayyana shi ne rikicinsa da 'yan kasuwar Indiya da ake kira Baniyan, waɗanda ke zaune a Doha suna gogayya da shi wajen sayen lu'ulu'u. A shekarar 1882 ya rufe kantunansu ya kore su daga garin. Su kuwa talakawan sarautar Ingila ne, saboda haka Razdan na Ingila mai kula da yankin, Edward Ross, wanda ke zaune a Bushire ta gaɓar Iran, ya taso da jirgin ruwan yaƙi, aka tilasta wa Sheikh Jasim biyan diyya da kuma amincewa da komowarsu. Wanda ya bi fayil ɗin shafi bayan shafi zai ga yadda maganar kuɗi da bashi ta rikiɗe ta zama maganar wane ne ke da iko a kan gaɓar teku.

Matsalar ita ce, tun a shekarar 1871 Sheikh Jasim ya amince da kafa tutar Daular Usmaniyya a Doha, bayan da sojojin Midhat Pasha suka mamaye lardin Hasa, daga bisani kuma Turkawa suka ba shi muƙamin ka'imakam, wato kamar hakimi a tsarinsu. Amma kuma shekaru uku kafin zuwan Turkawa, a watan Satumban 1868, mahaifinsa Sheikh Muhammad bin Thani ya riga ya rattaba hannu a kan wata yarjejeniya da Razdan Lewis Pelly, inda ya yi alkawarin kiyaye zaman lafiya a teku. A tsakanin waɗannan manyan dauloli biyu Sheikh Jasim ya shafe shekaru arba'in yana rubutu. Idan Ingila ta matsa masa sai ya tuna mata cewa shi yana ƙarƙashin Sarkin Istanbul ne. Idan Turkawa suka nemi kafa gidan kwastan ko ƙara jami'ai sai ya miƙa takardar murabus, ko ya aika wa Razdan saƙo yana neman kariya. Wasu marubutan Turai na da sun kira wannan yaudara, amma dai mai ƙaramin ƙarfi da ya sami kansa tsakanin giwaye biyu ba shi da makamin da ya fi alƙalami.

Akwai kuma inda alƙalamin ya gaza. A shekarar 1888 mayaƙan Abu Dabi sun kai hari Doha suka kashe ɗansa Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Jau'an. Sheikh Jasim ya yi ta aika wasiƙu ga hukumomin Turkawa da kuma Ibn Rashid, sarkin Ha'il, yana neman gudummawa domin ɗaukar fansa, kuma a farkon 1889 ya kai farmaki yankin Liwa. A nan ne mai karatu ke hango uban da aka yi wa rashi a bayan sarkin da ke lissafin dawaki da raƙuma.

Babbar arangamar ta zo ne a shekarar 1893. Gwamnan Basara, Muhammad Hafiz Pasha, ya iso Doha da sojoji a watan Fabrairu domin bin ba'asin harajin da ba a biya ba da kuma bijirewar Sheikh ɗin. Shi kuwa sai ya janye zuwa Wajba, kimanin kilomita 15 yamma da garin, ya ce ba shi da lafiya, ya wakilta ƙaninsa Ahmad. An yi kusan wata guda manzanni na kai da komo da takardu, har dai Pasha ya ƙosa, ya tsare Ahmad da wasu dattawan gari a cikin jirgin ruwa, ya tura dakaru Wajba a watan Maris. An ci su da yaƙi, suka ja da baya zuwa ganuwarsu, jirgin Turkawa ya yi wa garin ruwan igwa, amma da aka toshe musu hanyar rijiyoyi sai suka saki waɗanda suka tsare. Daga bisani Sarki Abdulhamid na Biyu ya tuɓe gwamnan. Turkawa ba su bar Katar ba sai a 1915, to amma daga yaƙin Wajba ikonsu ya zama na suna kawai.

To sai dai akwai wani abu da ya kamata mai bincike ya riƙa tunawa. Akasarin waɗannan wasiƙu sun tsira ne a hannun waɗanda aka aika wa, wato a fayilolin Ingila da kuma ma'ajiyar takardun Daular Usmaniyya da ke Istanbul. Akawun Razdan ne ya zaɓi abin da za a ajiye, tafintansa ne ya juya Larabcin zuwa Ingilishi, shi Razdan kuma ya rubuta ra'ayinsa a sama kafin a aika Bombay ko Kalkata. Wannan ya sha bamban da abin da ya faru da George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda shi ma janar ne, manomi kuma ɗan kasuwa mai aika taba London. Washington ya kula da takardunsa da kansa, har a shekarar 1781 ya ɗauki Richard Varick ya shugabanci akawunan da suka kwafe wasiƙunsa na yaƙi, kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka na riƙe da takardunsa kimanin dubu 77. Duk da haka shi ma bai tsira daga hannun wasu ba. Uwargidansa Martha ta ƙone kusan dukkan wasiƙun da ke tsakaninsu, sa'annan Jared Sparks, wanda ya buga takardun a shekarun 1830, ya yi ta gyara masa lafazi domin ya dace da martabar uban ƙasa.

Hausawa ma sun san irin wannan. Bayan da sojojin Lugard suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, an sami tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927, kuma ta nan ne aka san irin shawarwarin da sarakuna ke yi da juna yayin da Nasara ke matsowa. A hannu guda kuma akwai wasiƙar nan da Lugard ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ya kafa hujjar yaƙi da ita, amma masana irin su D. J. M. Muffett suka yi ta tababa a kanta saboda fassararta kawai ake gani.

Cewa tsohuwar takarda na iya yanke makomar ƙasa, Katar ta gani da idonta. A watan Yulin 1991 ta shigar da ƙarar Baharain a kotun duniya da ke Hague game da tsibiran Hawar, daga bisani aka haɗa da garin Zubara, kuma ɓangarorin biyu sun dogara ne ƙwarai a kan wasiƙun sarakuna da rahotannin razdanoni da taswirori na ƙarni na 19. A 1997 Baharain ta ƙalubalanci ingancin takardu sama da 80 da Katar ta gabatar, ƙwararru suka duƙufa a kan hatimai da tawada da irin takardar da aka yi rubutun a kai, har a ƙarshen 1998 Katar ta sanar cewa ta jingine takardu 82 ba za ta dogara da su ba. A ranar 16 ga watan Maris na 2001 kotun ta ba Baharain tsibiran Hawar, bisa wani hukunci da Ingila ta yanke a 1939, ta kuma tabbatar wa Katar Zubara da tsibirin Janan.

A Doha dai ana bikin ranar ƙasa ne kowace 18 ga watan Disamba, ranar da ake cewa Sheikh Jasim ya karɓi ragamar mulki daga mahaifinsa a 1878. Baya ga wasiƙun da baƙi suka adana, ya bar diwanin waƙoƙinsa da wasiyyarsa da kuma littattafan addini da ya biya kuɗi aka buga a Indiya ya raba su a matsayin waƙafi. An binne shi a Lusail, arewa da Doha, garin da a filin wasansa aka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin ƙwallon ƙafa na duniya ranar 18 ga watan Disamban 2022.