Kafin Ka Ɗau Hanya: Yoyon Baƙin Mai da Tsagewa a Tsohon Babur

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, don wanda bai samu saurare ba.

Wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko Kwanni zuwa Illela, ya san babur ba ya zaɓar gindin bakanike idan zai mutu. Sau da yawa kuma abin daga ɗigo ɗaya yake farawa. Ƙananan baburan da muke hawa, irin su Boxer da Jincheng, baƙin man da ke cikinsu bai wuce kimanin lita 1 ba. To ka ga, in yana zuba kaɗan-kaɗan, ga rana, ga yashi, ga buhu biyu a baya, ba a jimawa sai injin ya buga. Kuɗin gyaran injin da ya buga kuwa ya ninka na roba da fakin sau da yawa.

Da farko ka gano inda man ke fita. Ka wanke injin tas, ka bari ya bushe, ka barbaɗa masa toka ko hoda, sannan ka tayar da shi na minti 5. Inda tokar ta fara jiƙewa, nan ne bakin yoyon. Ka duba daga sama, domin mai gangarowa yake yi, iska kuma tana kora shi baya.

Wuraren da aka fi samunsa su ne notin juye mai da ke ƙasa, da fakin murfin kan injin, da na murfin gefe, da robar da ke bayan ƙaramin haƙorin sarƙa, da ta wajen kik da ta sandar giya. In notin ƙasa ne, wosha za ka canza. Kar ka ce bari in ƙara ɗaure shi da ƙarfi, jikin injin alminiyam ne, zaren zai cinye, ƙaramin aiki ya koma babba. Ka kuma duba 'yar tiyon da injin ke numfashi ta cikinta. In laka ta toshe ta, ko an cika mai fiye da ƙima, iskar ciki ce ke tura man waje, ko sabuwar roba aka sa.

In kuwa mai na raguwa amma ba ka ga ɗigo a ƙasa, ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, to injin ne ke ƙona shi. Wannan aikin bakanike ne, ring ko robar bawul.

Yanzu batun tsagewa. Ƙaramar tsaga a murfin gefe ana iya liƙe ta da gam ɗin nan mai kwali biyu da ake haɗawa, bayan an juye man, an goge wurin da fetur, an kankare shi. A bar shi ya kwana. Amma ka sani na wucin gadi ne, ya kai ka gida kawai.

Tsagewar ƙashin babur kuwa ba ta gam ba ce. Ka duba wuyansa ƙarƙashin kai, da inda kariya ta haɗu da jiki, da maɗaurin shokozoba na baya. Siririn layin tsatsa a bakin tsohuwar walda alama ce. Kai shi wajen mai walda, a cire wayar batir tukuna. In wuyan ne ya tsage, don Allah kar ka ɗora masa kaya, balle iyali.

Tankin fetur shi ne mafi haɗari. Ko an juye man, tururinsa na nan ciki, kuma shi ke fashewa. Kar ka yarda a kusanto da wuta gare shi a haka. A daji, sabulun wanki da aka murtsuka a kan ƙaramin rami yana riƙewa na ɗan lokaci, har ka isa gari.

Haka nan in man shokozoba na gaba yana gangarowa wajen birki, a gyara kafin tafiya, don birkin da ya sha mai ba ya kamawa.

Ka yi gyaran nan kwana 2 kafin ranar kasuwa, ka zagaya da shi, ka ajiye kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. Da safe ka tsayar da shi daidai, ka duba ma'aunin mai. Ka riƙe rabin lita a jaka, da sifana da fulogi guda.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a dukiya da kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.