Ina Ya Kamata Ɗan Sanda Ya Tsaya?

Shekaru aru-aru mahukunta sun ɗauka, ba tare da neman hujja ba, cewa muddin 'yan sintiri suna kewaya unguwa dare da rana, ɓarawo zai ji shakka, mai gida kuwa ya yi barci har da minshari. Sai a shekarar 1972 hukumar 'yan sandan birnin Kansas, a ƙasar Amurka, ta yi abin da ba safai masu mulki ke yarda da shi ba, wato ta ɗora wannan zato a kan mizani. Aka kasa yankuna 15 gida uku: a biyar aka janye sintiri, mota ba ta shiga sai an kira, a biyar aka bar al'ada yadda take, a biyar kuwa aka ninka motocin sau biyu har uku. Da shekara ta zagayo, George Kelling da abokan aikinsa suka yi lissafi, sai ga shi babu wani bambanci na a zo a gani, ko a yawan laifi ko a tsoron jama'a. Abin dariya ma, mazauna unguwannin ba su farga an canza kome ba.

Amma wanda ya yi gaggawar ba da fatawar cewa ɗan sanda ba shi da fa'ida, lalle ƙiyasinsa ya karkace. Domin a 1989, bayan da Lawrence Sherman ya bi diddigin kiraye-kirayen da aka yi wa 'yan sandan Minneapolis cikin shekara guda, fiye da dubu 300, ya tarar rabinsu daga wajen kashi 3 cikin ɗari na wuraren birnin suka fito: ƙofar wata mashaya, bakin wani kanti, wata mararraba da kowa ya san ba a tsayawa cikinta bayan almuru. Ashe cutar a 'yan gurabe ta taru, magani kuwa ana ta yayyafa shi a jiki duka.

Da Sherman da David Weisburd suka jarraba ƙara tsaro a irin waɗannan matattara a Minneapolis, laifi ya ragu, ko da yake ragin ba mai yawa ba ne. Masu jayayya suka ce ai ɓarawo lungu na gaba zai koma. Binciken da aka yi daga bisani a Jersey City ya nuna galibi ba haka ba ne, har maƙwabtan wurin su ma sukan sami sauƙi. Christopher Koper kuwa, da ya sake nazarin alƙaluman Minneapolis, ya ga tsayuwar ɗan sanda da ta fi tasiri ita ce ta wajen minti 15.