Shin Ko Kun San? Masu Sassaƙar Ƙarfe da Inji

Shin ko kun san cewa maƙeri daban, mai walda daban, masassaƙin ƙarfe kuma daban? Maƙeri yana gasa ƙarfe ya daka shi a kan uwar maƙera. Mai walda haɗa biyu yake yi su zama ɗaya. Shi kuwa masassaƙi ragewa yake yi. Yana ɗaure guntun ƙarfe a bakin inji, injin ya riƙa juya shi kamar mazari, wuƙa tana fere shi kaɗan-kaɗan har shaf ko noti ko gidan boris ya fito daidai da awon da ake so.

Shin ko kun san ƙanƙantar abin da yake aunawa? Ma'aunin maikuromita yana nuna kashi 1 cikin 100 na milimita. Silin gashin kan mutum ya ninka wannan sau da dama. Shaf ya yi siranta da ɗan wannan, boris ya riƙa lilo a kansa. Ya yi kauri, boris ya ƙi shiga. A nan ne sana'ar take. Duk ƙarfin damtsen yaro, in bai iya karanta ma'auni ba, share tarkace zai yi ta yi a shago.

Shin ko kun san noman rani a Jahun da Miga da fadamun Kiyawa yana rataye da hannun masassaƙin ƙarfe? Ku lissafa: injin ban ruwa, injin casar shinkafa, injin niƙa na unguwa, tarakta, famfon tuƙa-tuƙa, har da motocin da ke dakon hatsi zuwa kasuwar Shuwarin. Kowannensu yana da abin da ke juyawa, kuma duk abin da ke juyawa wata rana sai ya cinye. Idan ƙarfen ba ya kasuwa, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi, sai dai a sassaƙa wani. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ɗaukar aiki daga Dutse, a yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Kano, alhali alkama tana can tana jiran ruwa. Kuɗin mota, kuɗin kwana, ga asarar lokaci. Matashin da ya kafa injinsa a Dutse ko Birnin Kudu, ya kuma riƙe alkawari, ba zai nemi masu kawo aiki ba.

Shin ko kun san cewa idan makanike ya ce a wasa kiranshaf "ten", yana nufin a rage masa kashi 10 cikin 1,000 na inci, wato kusan milimita 0.25? Daga nan sai a sa masa mital mai ƙarin kauri daidai da abin da aka rage.

Inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Ku riƙe wannan.

Shin ko kun san dalilin da ya sa wani noti ke kama zare biyu ya cije? Sau da yawa ba tsatsa ba ce, asali ne ya bambanta. A 1841 wani Bature ɗan Ingila, Joseph Whitworth, ya tsara zaren ƙusa mai kusurwar digiri 55, kuma tsofaffin injinan Ingila da shi suka zo mana. Zaren milimita na yau digiri 60 ne. Ido ba ya rabe su, amma ƙarfe ya sani. Kafin Whitworth, kusan kowace masana'anta da irin nata zaren, duk da cewa tun wajen 1800 Henry Maudslay ya kyautata injin yanka zare a Landan.

Shin ko kun san babbar riga da injin sassaƙa ba sa ga maciji? Hannun riga, rawani, zobe, agogo, har safar hannu, duk abin da injin ya cafka sai ya naɗe shi tare da mai shi. Tarkacen da ke fita kuma ga zafi ga kaifi, da buroshi ake share shi, ba da yatsa ba. Tabarau kuwa dole ne.

Shin ko kun san hanyar shiga sana'ar ba ɗaya ba ce? Wanda ya gama ƙaramar sakandare zai iya shiga kwalejin fasaha ya yi shekara 3, ya zauna jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. Mai son zurfafawa ya nemi difloma a fannin injiniyan injina a kwalejin kimiyya da fasaha, inda ake tura ɗalibi koyon aiki a masana'anta ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF. Wanda kuma ya tashi a gaban maigida a shago, ƙofarsa a buɗe take: Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin sana'a mataki uku, a fara daga na 3 a ƙare a na 1. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ma tana da tsarin ba da shaida ga wanda ya ƙware a wajen aji. A ganina, wanda ya haɗa shago da takarda shi ne ya fi kowa riba, domin kamfani takarda yake fara tambaya, manomi kuwa aikin hannu yake dubawa.

Shin ko kun san Nijeriya tana da kamfanin ƙera injinan sassaƙar ƙarfe? Yana Osogbo, an kafa shi a 1980 da haɗin gwiwar kamfanin HMT na Indiya.

Shin ko kun san kwamfuta ta daɗe da shiga sana'ar? A 1952 aka nuna injin sassaƙa mai bin umarnin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka. Jikokinsa su ne injinan CNC, waɗanda ake rubuta wa awo su fitar da ɗaruruwan ƙarafa iri ɗaya sak. Amma mai rubuta musu umarnin sai ya san saurin da ya dace da tagulla da wanda ya dace da baƙin ƙarfe, kuma a gaban tsohon inji mai juyin hannu ake fara koyon wannan.