Gidan Ɗan Hausa a Kano

Wanda fatauci ko neman ilimi ya kai shi Kano, in ya sami sarari, sai ya fita bayan ganuwa ya nufi Nasarawa, ya ga Gidan Ɗan Hausa. Ginin ƙasa ne, aikin maginan Kano, na tubali da azara. Saboda kaurin bangonsa, ko rana ta take cikinsa da sanyi. Yanzu gidan tarihi ne, ana ajiye kayan mutanen dā a ciki.

Wanda ya zauna cikinsa shi ne Hanns Vischer, Baturen da aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa don jin Hausarsa. A 1906 ya ƙetare Sahara da ayari, daga Tarabulus zuwa Barno. A 1909 ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, ya tara malamai da 'ya'yan sarakuna. A 1912 ya fid da ƙa'idodin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. Daga nan boko ya mamaye ofisoshi, ajami ya rage a hannun malaman zaure da fatake.

Mai ziyara ya lura: ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe. Ajami kuwa, yaɓensa shi ne a koya wa yara.