Akwati Mai Zaman Kansa ko Madabod: Wa Za a Miƙa wa Linzamin Fanka?

Tun da faifan ajiya mai juyawa ya soma ba SSD wuri, kusan duk ƙarar da ta rage a kwamfutar tebur ta fanka ce. Da rana, a shago ko ofis, ba wanda ya damu da ita. Amma mai ɗaukar murya a situdiyo ya san da zamanta, don makirfo ba ya yi wa kowa kara. Haka mai tace fim da ke kwana gaban allo, da ɗalibin da gadonsa da teburinsa ke ɗaki ɗaya. Waɗannan ne suke fara tambayar abin da za su saya, mai sauƙin kuɗi, wanda zai riƙa sassauta fankoki da kansa idan aiki ya yi sauƙi, ya kuma tsananta musu idan zafi ya taso.

Tambayar tana da tushe. Masu ƙera fanka suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: idan aka rage gudun fanka da rabi, ƙararta tana sauka da kimanin desibel 15, alhali ragin desibel 10 ma ya isa kunne ya ji kamar ƙarar ta rabu biyu. Fankar da ke kuka a juyi 1,800 cikin minti ɗaya, idan ta dawo 900 da ƙyar za a ji ta. Sai dai iskar da take turawa ita ma ta ragu da rabi. Shi ya sa dabarun da aka daɗe ana yi ba su wadatar ba, ko ɗan maɓallin murɗawa irin Fan Mate na kamfanin Zalman, ko haɗa fanka tsakanin wayar bolt 12 da ta bolt 5 don ta sami bolt 7. Duk suna kawo shiru, amma ba su san lokacin da firosesa ta ɗauki zafi ba, kuma mai kwamfutar yakan manta.

Hanyoyi biyu ne a gaban mai neman abin da ke sarrafa kansa ba tare da ya zubar da kuɗi ba. Ta farko ita ce ya sayi ƙaramin akwati ko ɗan allo mai zaman kansa, wanda ke zuwa da wayoyin jin zafi da ake liƙawa a cikin kwamfuta. Ta biyu ita ce ya bar madabod ta yi aikin, ya ƙara mata da mararraba, wato ɗan allon da ke karɓar umarni daga rami ɗaya ya raba wa fankoki da yawa.

Kafin a ce komai game da su, sai an ƙirga wayoyin da ke jikin fanka, don rabin shawarar a nan take. Mai waya uku tana da ta wuta, da ta ƙasa, da wadda ke ba da rahoton gudu. Galibi ana sassauta mata ne ta hanyar rage bolt, kuma ragin yana da iyaka: da yawansu idan aka sauko wajen bolt 5 sai su ƙi tashi, su tsaya suna rawar jiki. Mai waya huɗu, wadda Intel ya fitar da tsarinta, tana shan bolt 12 ɗinta cif a kowane lokaci, waya ta huɗun ce ke kawo mata umarni ta hanyar da ake kira PWM. Umarnin bugu ne da ke maimaituwa wajen sau 25,000 a daƙiƙa, an kuma zaɓi wannan adadi ne don ya wuce abin da kunnen mutum ke ji. Da wannan fanka take iya sauka ƙasa sosai ba ta mutu ba. Arctic P12 mai waya huɗu tana iya yin ƙasa har wajen juyi 200.

Akwati mai zaman kansa yana da abin yabo, kuma ba kaɗan ba. Bai san Windows ba, bai san Linux ba, da wuta ta shigo ya kama aiki. Kwamfuta ta daskare, ko an goge ta ana sake loda mata komai, shi yana nan kan aikinsa. Wutarsa daga fawa, wato na'urar da ke raba wa kwamfuta wuta, yake ɗauka kai tsaye, bai ɗora wa madabod nauyi ba. Da yawansu kuma da bolt suke aiki, don haka tsofaffin fankoki masu waya uku suna yi musu biyayya. A zamanin da kowace kwamfuta ke da gurbin faifan CD a gaba, irin su Kaze Master na Scythe da Sentry na NZXT sun ci kasuwa, har da ɗan allon da ke nuna zafi da gudu. Yanzu mafi yawan kes, wato gidan da ake harhaɗa kwamfuta a ciki, ba su da wannan gurbi, sai aka koma ƙananan alluna daga Sin da ake samu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Matsalar tana bakin wayar jin zafin. Ɗan ƙullutu ne da ake manna wa jikin ƙarfen sanyaya da salatif. Ba a cusa shi tsakanin firosesa da ƙarfen, don zai hana su haɗuwa, ya jawo zafin da ake gudu. To abin da yake ji zafin ƙarfe ne, ba na firosesa ba, kamar mai taɓa gefen tukunya yana son ya san ko miya ta tafasa. Firosesar zamani tana iya tashi daga digiri 40 zuwa 80 cikin daƙiƙa biyu ko uku, ƙarfen kuwa sai ya ɗauki lokaci kafin ya ɗumama. Kafin akwatin ya farga, an riga an yi nisa. Abin da ya fi wannan muni shi ne salatif yana saki idan ya sha zafi. Ranar da ƙullutun ya faɗo yana reto a iska, akwatin zai ɗauka komai lafiya, ya kwantar da fankoki, kuma ba zai gaya wa kowa ba. Ba lalle firosesa ta ƙone ba, don na Intel suna rage wa kansu gudu a wajen digiri 100, jerin Ryzen 7000 na AMD kuma a 95. Amma mutum zai zauna yana mamakin yadda kwamfutarsa ta zama shiru kuma ta zama malalaciya.

Akwai kuma ingancin wutar da masu arahar ke bayarwa. Wasu suna rage bolt ne ta hanyar ƙone rarar a jikinsu, sai su zama wani sabon tushen zafi a cikin kesin. Wasu kuma suna datse wutar fankar ne suna sakewa a hankali, inda kunne ke iya kamawa, sai a ji wani ƙis-ƙis daga injin fankar wanda ya fi kukan iskar ban haushi. Araha ba ta ado.

Gaskiya ne akwai akwatunan da suka tsallake duk wannan. Quadro na kamfanin Aqua Computer da ke Jamus yana da ramuka huɗu na fanka, ana tsara shi ta manhaja, ya adana tsarin a cikinsa ya ci gaba da aiki shi kaɗai. Commander Pro na Corsair yana ɗaukar fankoki shida da wayoyin jin zafi huɗu. Kaya ne masu kyau, sai dai sun fita daga layin masu sauƙin kuɗi, kuma kuɗin ɗaya zai sayi fankoki masu kyau da dama, waɗanda tasirinsu a kunne ya fi.

Ita madabod ba ta bukatar taɓa gefen tukunya. A cikin firosesar kanta akwai ma'aunin zafi, kuma daga can take samun labari. Akwai ɗan guntu a jikinta, galibi na Nuvoton ko ITE, da aikinsa ke nan: ya karanta zafi, ya karanta gudu, ya aika umarni. An riga an biya kuɗinsa tun ranar da aka sayi kwamfutar. A cikin BIOS ake tsara shi, ASUS na kiran nasa Q-Fan, Gigabyte na kiran nasa Smart Fan, kuma da yake a BIOS tsarin yake, shi ma bai dogara da Windows ba. Wannan ya cinye rabin fifikon da akwati ke taƙama da shi. Madabod da yawa na yanzu ma suna barin mutum ya zaɓa wa kowane rami ko ya yi aiki da bolt ko da PWM.

Inda take gazawa shi ne yawan ramuka da ƙarfinsu. Masu araha kan zo da biyu ko uku, kuma kowane rami yawanci amfiya 1 yake ɗauka, wato wat 12. Fanka mai faɗin milimita 120 ba ta cika wuce sulusin wannan ba, don haka biyu ko uku a rami ɗaya ba laifi. Fiye da haka sai mararraba, mai ɗaukar wuta daga wayar SATA ta fawa, ta karɓi umarni kaɗai daga madabod. A lura da abu biyu. Duk fankokin da ke kanta umarni ɗaya suke bi, kuma gudun guda ɗaya tak madabod ke gani, ko wata ta mutu ba za ta sani ba. Sannan yawancin mararrabar nan PWM kawai suke rabawa, idan aka jona mai waya uku sai ta sheƙa da gudunta na ƙarshe. Mutane da yawa sun saya sun ce ba ta aiki, alhali fankar ce ba ta jin yaren.

Wani abin mamaki shi ne daidaiton madabod yana iya zama aibi. Da yake tana jin kowane ɗan tsalle na zafi, buɗe shafin intanet kaɗai ya isa fanka ta zabura, ta sauka, ta sake zabura. Kunne kuwa yana saba wa ƙarar da ta tsaya wuri ɗaya har ya manta da ita, wadda ke hawa da sauka ce ke hana sukuni. A nan jinkirin akwati ya zama alheri: ƙullutun da ke jin ɗumin iskar cikin kesin a hankali yake motsi, fankokin kesin su ma su bi shi a natse. Masu sanyaya da ruwa sun daɗe da gane haka, da zafin ruwan suke ɗaure fankokinsu. Amma maganin yana nan cikin BIOS ga mai haƙurin nema. Ana sa jinkirin daƙiƙu kafin fanka ta ƙara gudu, ana kuma shimfiɗa layin da ke haɗa zafi da gudu ya zama gudu ɗaya daga sanyi har wajen digiri 60 ko 65, sannan ya fara hawa. Aikin rabin awa ne, kuma ba na jin akwai akwatin da zai ba da shirun da wannan rabin awar ke bayarwa.

Saura katin hoto. A kwamfutar mai wasa ko mai tace bidiyo, shi ne ke fitar da zafi mafi yawa, kuma BIOS ba ya ganin sa. Nan manhaja ke shigowa. SpeedFan ce ta yi tashe a da, amma an daɗe da daina sabunta ta. Yanzu Fan Control ta Rémi Mercier ce ake yayi, kyauta ce, kuma tana barin mutum ya ce wa fankokin kesin su bi duk wanda ya fi zafi tsakanin firosesa da katin hoto. A Linux akwai lm-sensors da fancontrol. Manhaja dai manhaja ce: a 2025 mai gadin Windows, wato Defender, ya soma kama wani tsohon direba mai suna WinRing0 da irin waɗannan manhajoji da dama suka dogara da shi, wasu suka wayi gari tsarinsu ya tsaya. Don haka ko za a yi amfani da ita, a bar tsari mai hankali a BIOS wanda za a faɗa kansa.

Yawancin lissafin da ake gani a gwaje-gwajen Turai da Amurka a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 ake yin sa. A Sakkwato ko Yamai cikin Afrilu rana tana haura 40, kuma fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar da take shaƙa. Wannan ya fi cutar da akwati mai araha, don da yawansu sun zo da mataki a kafe, ko da ɗan zaɓi kaɗan. Wanda aka tsara ya fara tsananta gudu a digiri 30 ko 35 zai yini yana ihu tun daga Maris har saukar damina, ya zama an sayi na'urar da ba ta da abin sarrafawa. Layin BIOS kuwa ana matsar da shi yadda ake so, a yi na bazara daban, na hunturu daban. Hunturun ma da nasa: ƙura tana toshe ƙarfen sanyaya, zafi ya hau, kowane irin mai sarrafawa ya ƙara gudu. Kafin a zargi na'ura a fara sa bulowa. Wanda janareta ke ruri a bayan tagarsa kuwa, wannan duk ba matsalarsa ba ce tukuna.

Akwai dai rukunin da akwati ya zame wa dole, kuma a kasuwanninmu ba su da kaɗan. Kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, BIOS ɗinsu ba ya ba da damar zana layi, ramukan fanka kaɗan ne, wasu na Dell ma fil biyar gare su da jerin wayoyi na kansu. Wanda ya cusa wa irin wannan katin hoto, yana son ƙara fanka ɗaya ko biyu, ba shi da wurin jonawa. Shi ɗan allo mai ƙullutu ya dace da shi, muddin ya zaɓi wanda ake iya canza masa matakin zafi, ya ɗaure ƙullutun da zaren roba maimakon salatif, ya kuma duba cewa fanka tana tashi da kanta daga tsaye a mafi ƙanƙantar gudu. Haka mai tarin fankoki masu waya uku da tsohuwar madabod da ba ta iya rage bolt.

Ga sauran, ni dai madabod zan zaɓa, da mararraba idan ramuka sun gaza, rarar kuɗin a sa a fanka mai waya huɗu mai faɗi, don mai milimita 140 tana tura iskar da ƙarama ke turawa a gudu ƙasa da nata. Kuma ko wace hanya aka bi, fankar firosesa ta zauna a raminta na madabod. Idan aka cire ta, madabod da yawa suna tsayawa tun wajen tashi suna kukan ba su ga fanka ba, kuma wanda ya kashe wannan gargaɗi don ya wuce ya kashe abu guda da zai sanar da shi ranar da fankar ta tsaya da gaske.