Abin da Kalangu Ke Koya wa Mai Koyonsa

Shirinmu na yau zai kai mu gabashin Sakkwato, Wurno da Raba da Goronyo, ƙasar albasa da tafarnuwa da shinkafar fadamar Rima. Tambayar da muka ɗauko ita ce: yaron da ya zauna ya koyi kalangu ko gurmi ko sarewa, me yake samu a karan kansa, ko da bai taɓa karɓar kwabo da kiɗan ba?

Riba ta farko tana cikin kunne. Hausa harshe ne mai karin sauti. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya da jan wasali ne ke raba su. A kan wannan aka gina kalangu: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har gangar ta kira sunan mutum ya waiwayo. Shi ya sa ɗan dambe ke jin takensa daga nesa tsikar jikinsa ta tashi, kamar yadda kiɗan Ɗan Anace ya riƙa tsima Shago. Yaron da ke koyon wannan dole ya saurari maganar mutane da natsuwar da sauranmu ba mu yi, domin abin da kunne bai kama ba hannu ba zai fitar da shi ba. A 2007 masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun saurarar da mutane kalmomin Sinanci, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti, suka tarar ƙwaƙwalwar waɗanda suka koyi kiɗa ta fi bin hawa da saukar muryar daidai, alhali ba su jin harshen. A 1995 kuma wani bincike a Jamus ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yatsun hagu ya fi faɗi a wurin masu kaɗa kayan tsarkiya, musamman waɗanda suka fara tun suna ƙanana.

Amma kada a ɗora wa kiɗa abin da ba zai ɗauka ba. Akwai masu cewa yana ƙara wa yaro ƙoƙari a lissafi da karatu, sai dai da aka tattara bincike masu yawa aka auna a 2020, wannan da'awa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Abin da ya tabbata ya fi kusa, kuma a ganina ya fi daraja. Dubi yadda ake rainon makaɗi a gidajen kiɗa: ba a miƙa wa yaro babbar ganga. Ƙaramin kurkutu ko kazagi ake ba shi, ya riƙe bugu guda ya yi ta maimaitawa, ba gaggawa ba jinkiri, yayin da manya ke hawa da sauka a kansa. Idan ya kuskure, kowa ya ji nan take, ba a jira ƙarshen zango a duba takarda. Yaron da ya shekara a haka ya san haƙuri da jikinsa, ya san sauraron na kusa da shi, ya san gyara kuskure a gaban jama'a ba tare da ya karaya ba. Musa Ɗanƙwairo, wanda kotsonsa ya yi wa Sardauna ɗan Raba hidima, a ƙarƙashin mahaifinsa da yayansa ya yi wannan zaman kafin ya jagoranci tawaga.

Na san abin da mai sauraro a Wurno zai ce, kuma yana da hujja. Wannan ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, nan aka binne shi a 1837, kuma shugabannin jihadi sun yi kakkausar magana a kan kiɗa. Gaskiya ne. Sai dai idan aka duba, abin da suka fi yaƙa shi ne abin da ke tafiya tare da shi: bori, cakuɗuwar maza da mata, shagala daga salla, zuga azzalumi. Sun bar gangar yaƙi da ta tara jama'a da ta shelar aure, kuma har yau tambari da kakaki na tashi a fadojin ƙasar. Malamai sun saɓa a kan kayan tsarkiya da na busa, kuma uban da ya bi fatawar hani ba mai zarginsa. Wanda ya bi ɗaya ɓangaren shi ne nake wa magana, sharaɗin kuwa a fili yake: wa ke koyarwa, a ina, da wane lokaci.

Ƙorafi na biyu ya fi yawo a zaure: kiɗa gado ne, kuma roƙo ne. To, wanda ya koyi ninƙaya a Rima ba lallai ya zama ɗaya daga cikin Sarkawa ba. Ɗan Fulanin da ke busa sarewa a bayan shanunsa ba ya roƙon kowa, ransa yake sanyayawa a dajin da babu abokin hira. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne a yankin da ya ga harin Tabanni na 2018, wanda ya cika Gandi da 'yan gudun hijira, ya kuma ga na kasuwar Goronyo a 2021. Kiɗa ba zai maye gurbin tsaro ko likita ba. Amma yaron da firgici ya hana shi barci, idan ya sami abin da ke tattara hankalinsa da numfashinsa da yatsunsa wuri guda na rabin sa'a kowace yamma, ya sami abin riƙewa wanda wayar hannu ba ta bayarwa.

Kuɗin shiga kuwa kaɗan ne. Gurmi daga duma da fata da sanda ake haɗa shi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya zagaya duniya, kuma ƙoƙon kuntigin gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya.