Tsafta ga Iyalan da Ke Kwana a Mota

Har yanzu wasu iyalanmu a mota suke kwana kafin a ba su tanti. Cunkoso a ƙaramin wuri yana saurin yaɗa ƙazuwa da kwarkwata. Ranar da wanka bai samu ba, buta ɗaya ta isa: mu jiƙa tsumma mai tsabta da sabulu, mu fara da fuska, sai hammata, al'aura a ƙarshe. Kowa da nasa tsumma, domin ƙazuwa na bin tufafi da mayafi. Kowace safiya mu shanya shimfiɗa a rana. In sabulu ya ƙare, toka na wanke hannu.

Iyaye mata da 'yan mata, in dare ya yi ku je banɗaki ku biyu ko uku, da tocila. Ƙofar da ba ta kulluwa, ku sanar da ofishin kariya.